Gidajen gwamnati a Zariya: laifin wane ne?

Ɗan Tudun Wada: Assalamu alaikum. A rukunin gidajen gwamnati da na tashi a ciki, kwanon rufi ya yi tsatsa, leda ta toshe kwatoci, da damina kuwa sai an jera bokitai a ɗaki saboda yoyo. Wa ya kamata ya gyara?

Maman Khadija: Wa alaikumus salam. Gidajen da aka gina zamanin Shagari, tsakanin 1979 da 1983, sun haura shekara 40, kuma gini ba ya ɗorewa matuƙar hukuma ba ta duba rufinsa da magudanansa duk shekara.

Malamin Samaru: Hajiya, mu ma muna da laifi, domin mai haya yana jiran hukuma, wasu kuma sun kafa shaguna a kan hanyar ruwa.