"Genoprettende": gyara ne, sulhu ne, ko me?

Ƴar Ƙofar Mata: Salamu alaikum. Yayana da ke zaune a Danmak ya turo min wani rubutu, na ci karo da "genoprettende retfærdighed". Na ce masa adalcin gyara ke nan, ya ce bai zauna ba. To me zai zauna?

Malam Na-Zariya: Wa alaikumus salam, ƴata. Fasa kalmar tukuna. "Gen" shi ne sake, "oprette" kafa abu ko tsayar da shi, wutsiyar "-ende" kuma tana nuna mai yin aikin. Wato mai sake tsayar da abin da ya faɗi. Mu ko keke gyara muke masa, su kuwa in keke ne "reparere" za su ce.

Ɗan Tasha: Malam, ni dai sulhu zan ce. Tun 2010 ƴan sandan Danmak ke gudanar da abin da suke kira konfliktråd a duk faɗin ƙasar. Wanda aka cuta da wanda ya amsa laifinsa su zauna da mai shiga tsakani, in duka biyun sun yarda. In ba sulhu ba mene ne?

Malam Na-Zariya: Sulhu a bakinmu, in an yi shi magana ta mutu. Can ba haka ba ne. Zaman ba ya ɗauke hukunci, kotu na nan tana jira. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ɗan Tasha: Allah ya gafarta Malam, wannan karin maganar ai ta nasiha ce, ka jawo ta da ƙarfi.

Hajiya Mai Gona: Ku bar sulhu, ku zo kogi. Kogin Skjern da ke yammacin yankin Jylland a Danmak, a shekarun 1960 suka miƙar da shi kamar kwata don samun gonaki. Daga 1999 zuwa 2003 suka sake lanƙwasa shi, kusan hekta 2,200 suka koma fadama. Sunan aikin "naturgenopretning", tushe ɗaya da kalmarku. Da wa kogin ya yi faɗa da za a sulhunta? Ni farfaɗowa na ji.

Ƴar Ƙofar Mata: Hajiya, na ɗauki taki. Amma yayana ya ƙara min da "uoprettelig", wai ɓarnar da ba ta gyaruwa.

Malam Na-Zariya: Wannan kam muna da ita. Zarar bunu.

Ɗan Tasha: Bunu ai magana kaɗai yake ɗauka, Malam. In kogin ne ya ƙi komawa fa?