Gasar muhawara kan makomar ilimi: waɗanda suka taɓa shiryawa ku taimaka min

Sakatariyar_Kulob:
Salam 'yan uwa. An ɗora min shirya gasar muhawara a jami'armu kan makomar ilimi, saura sati uku. Mutum 28 suka yi rajista, ajujuwa uku aka ba mu, alƙalai biyar, kuma yini ɗaya tak. Abu biyu suka hana ni barci. In bi tsarin majalisar Birtaniya ne ko na uku-uku, wato mutum uku a kowane ɓangare? Sannan in ba su maudu'in tun yanzu ko sai ranar? Tsorona kar kowa ya je ChatGPT ya rubuta masa ya zo ya haddace mana.

Mai_Jan_Biro:
Ki yi ta kwana uku kawai, yini ɗaya ba ya isa. Mu haka muka yi.

Sakatariyar_Kulob:
Yaya ai na ce yini ɗaya aka ba mu fa.

Tsohon_Alƙali:
Ƙanwata ki yi lissafi tukuna. Tsarin Birtaniya ƙungiya huɗu ne a ɗaki, mutum bibbiyu, kowa minti 7, wato minti 56 na magana zalla, ga minti 15 na shiri bayan an sanar da maudu'i, ga zaman alƙalai. Mutum 28 ƙungiya 14 kenan kuma huɗu ba ta raba 14, sai kin nemo ƙungiya biyu na cike gurbi su zama 16, sannan aji huɗu kike buƙata ba uku ba. Amma shi ake yi a gasar jami'o'i ta duniya, wadda aka fara a Glasgow a 1981, kuma minti 15 ɗin nan ita ce maganin masu hadda in kin karɓe wayoyi.

BaNiDaLaifi:
Ni duk wannan lissafin bai dame ni ba, ALƘALAI za ki duba. Shekarar da na kai fainal wata biyu muna shiri ni da abokiyata, maudu'in wai ko karatu ta intanet zai maye gurbin aji, mun kawo yadda aka rufe makarantu a 2020 lokacin korona da yaran da ko waya babu a gidansu balle data, ɗayan ɓangaren ko tambaya ɗaya ba su yarda sun amsa ba sai ihu da buga tebur. Ina kallon ɗaya daga cikin alƙalan, tunda na fara magana yana danna waya, takardar makinsa fara fat har na zauna, sai da aka zo karɓa ya cike ta a tsaye. Aka ba wa 'yan sashensa. Da muka nemi ganin maki aka ce takardun sun ɓata. Abokiyata a matakala ta zauna tana kuka riƙe da katunan da muka kwana muna rubutawa. Har yau ban sake shiga wata muhawara ba wallahi.

Gimbiyar_Laburare:
Kai, abin haushi. Shi ya sa lakcara bai kamata ya yi alƙalancin ɗalibansa ba, ku ɗauko tsofaffin 'yan muhawara.

Malam_Na_Gefe:
A'a fa, kar a yi mana kuɗin goro. Shekara da shekaru ina alƙalanci ban taɓa fifita ɗalibina ba. Ɗalibai ma ai suna ba abokansu.

BaNiDaLaifi:
Malam da girmanka, kai ba a taɓa kayar da kai da farar takarda ba.

Dan_Kujerar_Baya:
Ku sa ChatGPT ya yi alƙalancin mana, shi ba shi da sashe hhhh

Mai_Jan_Biro:
Maganar kuɗi fa ba ki ce komai ba. Mu fiye da rabin abin da muka tara a hayar lasifika da kofi ya tafi, har sai da muka ci bashi.

Gimbiyar_Laburare:
Lasifikar me a aji? Mu ba mu kashe komai ba in ban da buga takardun maki, manhajar Tabbycat muka yi amfani da ita wajen haɗa ƙungiyoyi da tara maki, kyauta ce. An dai cuce ku.

Mai_Jan_Biro:
Gasar mutum nawa kuka yi da za ki ce an cuce mu? Sau ɗaya kika shirya fa.

Tsohon_Alƙali:
Ku bar wannan. Ƙanwata kar ki rubuta "makomar ilimi" ki ce maudu'i ne, ba wanda zai yi adawa da shi. Ki sa abin da za a iya cewa e ko a'a, misali a soke jarabawar ƙarshen zango a koma aikin bincike, ko a halatta AI irin su ChatGPT wajen aikin gida.

Dan_Kujerar_Baya:
A sa na farkon don Allah, ni zan goyi baya ko ba shiri.

Gimbiyar_Laburare:
Wai makomar ilimi. Akwai mai koya mana da yake karanto takardun da suka yi ja don tsufa, ka ɗaga hannu ya ce ka rubuta kawai. Ranar gasa a tafa maka ka iya kawo hujja, washegari ka kawo ta a aji ka ga makinka.

Malam_Na_Gefe:
Ku zo ku tsaya gaban ajin da ya cika har taga na awa biyu sannan ku yi magana.

BaNiDaLaifi:
Satifiket ɗin halarta ma da aka yi mana alkawari har na gama ban gan shi ba.

Sakatariyar_Kulob:
Na gode duka. To aji na huɗun fa, in ban samu ba in sallami mutum huɗu ne ko yaya? Kuma cikin alƙalan nawa biyar, uku lakcarori ne.