Wa ya taɓa gwada yaransa da awon karatu na minti ɗaya?

Malamar aji biyu: Salamu alaikum malamai da iyaye. Dan Allah akwai abin da ya tsaya min a rai. Satin da ya wuce na zaunar da yaran ajina ɗaya bayan ɗaya, na ba kowa ɗan labarin da bai taɓa gani ba, na danna agogon waya minti ɗaya ina ƙirga kalmomin da ya karanta daidai, irin yadda ake yi a EGRA, gwajin karatun ƙananan azuzuwan firamaren nan da cibiyar bincike ta RTI ta Amurka ta fito da shi a 2006. Wlh jikina ya yi sanyi. Yarinyar da kullum ita ke ja mana baki in ana bin allo, ashe hadda ce zalla, layin farko ma ta kasa fita. Wa ya taɓa cin karo da haka?

Malamin firamare: Wa alaikumus salam Malama, ai ba ke kaɗai ba ce. Ni abin da ya tona asirin ajina kalmomin bogi ne, ki rubuta "lomu" ko "zefo", ba su da ma'ana balle a ce yaro ya haddace, dole sai ya haɗa baƙi da wasali da kansa. Da farko na ɗauka shirme ne gsky, sai na ji a Ingila tun 2012 suke yi wa 'yan shekara shida irinsa, kalma 40 rabi duk na ƙirƙira. Nan na ga masu wayo suna kallon harafin farko su cinci sauran.

Maman yara uku: Ni ba malama ba ce amma ya faru da ni. Rifot kad ɗin ɗana kullum yabo, ina ta murna, rannan kawai na sa tafin hannu na rufe hoton da ke shafin na ce karanta min, yaro ya yi tsuru-tsuru yana neman ɗage min hannu 😭 ashe hoton yake karantawa.

Tsohon hedimasta: 'Ya'yana ku bi a hankali da agogon nan fa. Na taɓa samun yaro da ya zuba kalma sama da 60 a minti ɗaya cikin Turanci ko gargada babu, har na fara tafa masa, da na yi masa tambayoyin labarin ko ɗaya bai amsa ba, aku ne kawai, don ba harshen da yake ji a gida ba ne. Tun 1986 wasu masana biyu, Gough da Tunmer, suka ce fahimtar karatu abu biyu ne ake ninka su, iya fidda kalma daga rubutu da kuma fahimtar harshen kansa, in ɗaya sifili ne to sakamakon ma sifili. Shi ya sa ni nake karanta wa yaro wani labarin da bakina in tambaye shi, in ya amsa wanda ya saurara amma ya kasa na takarda to matsalar haruffa ce, in duka biyun ya kasa sai a koma kan harshe. Maganinsu ba ɗaya ba ne, kuma maki na ƙarshen zango ba zai taɓa nuna maka wannan ba.

Malama mai lesin: Baba ka faɗi gaskiya. Ni bayan gwajin raba su na yi irin tsarin Pratham, wata ƙungiyar ilimi ta Indiya, masu harafi, masu kalma, masu sakin layi, masu labari, ba ruwana da aji ko shekaru. Yaran sun motsa sosai, rigimar daga iyaye ta zo, wai na haɗa ɗansu babba da ƙanana na kunyata shi.

Malamin firamare: Ki nuna musu lissafin Bankin Duniya mana, a 2019 kashi 53 cikin ɗari na 'yan shekara goma a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin tattalin arziki ba sa iya karanta ɗan labari su gane, a 2022 aka kiyasta ya kai 70.

Malamar aji biyu: Na gode ƙwarai. Baba gobe zan gwada na karantawa da baki. Wayar kuma ƙarƙashin tebur zan ɓoye ta, don akwai biyu da ina zargin ganin agogon ne ya sa bakinsu ya mutu.