Shawarwarin Matafiya Kan Birnin Baranasi

Masu yawon duniya da jaka a baya da suka tattauna kan Baranasi, birnin Hindu mai tsarki a gaɓar kogin Ganga a jihar Uttar Pradesh ta Indiya, bakinsu ya zo ɗaya kan lokacin zuwa: Oktoba zuwa Maris. Da damina kogin yakan cika ya shanye matakalan bakin ruwa, har a hana kwale-kwale fita.

Masauki kuwa, yawancinsu yankin Assi Ghat da ke bakin kogin suka zaɓa, don ba shi da hayaniya sosai. Ka shiga kwale-kwale da asuba, amma a gama ciniki kafin ka taka.

Inda suka fi jan kunne shi ne Manikarnika, wurin ƙona gawa dare da rana. Kada ka ɗaga waya ka ɗauki hoto. Makoki ake yi. Wani zai maƙale maka yana neman "sadakar itace" don talakawa. Damfara ce, ka wuce abinka.

An yi saɓani kan bikin fitilun yamma da ake yi a matakalan bakin ruwa na Dashashwamedh: wasu sun yaba, wasu sun ce cunkoso ne kawai. A ganina kallo ɗaya ya isa. Lungunan birnin kuwa matsattsu ne, ga kashin shanu, sai da takalmi rufaffe.