Wace farfela ta dace da na'urar nutsonmu?

Ɗan aji huɗu, Jos: Salamu alaikum. Muna haɗa na'urar nutso mai igiyar sarrafawa, a dam ɗin Lamingo za mu gwada ta. Na ɗaura farfelar jirgi marar matuƙi a injin volt 12, ina tsoma ta a baho waya ta narke. Ina matsalar?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, shi ya sa a cikin ruwa farfelar iska shaƙe injin take yi. Nemi ƙarama mai fiffike 3, wadda fikafikanta ba su karkata sosai ba, ka zura ta cikin guntun bututun PVC.

'Yar lantarki: Kuma farfelar dama da ta hagu su juya saɓanin juna, in ba haka ba na'urar karkacewa za ta yi.

Ɗan aji huɗu: Na gode, Yaya. Bahon ma Umma ta ƙwace abinta.