Windows da Ubuntu a laftof ɗaya, zai yiwu ba tare da komai ya goge ba?

Ɗan_Samaru:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masana kwamfuta ku taimaka min. Ni ɗalibi ne a ABU, zangon nan akwai kwas ɗin da sai da Linux ake yin aikinsa, laftof ɗina kuma HP EliteBook ce tokumbo, RAM 8GB, SSD 256GB, Windows 10 ce a kai. Ba zan iya cire Windows ba don da Word nake rubutu, kuma yayata ma a ciki take lissafin shagonta da Excel. Wani a ɗakinmu ya ce in na kuskura na sa Ubuntu, wato wani nau'in Linux, komai zai tafi, wani kuma ya ce ana haɗa biyun lafiya lau. Wanne ne gaskiya? Wajen 90GB ya rage min, zai isa?

Mai_Gyara_PZ:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ana haɗa su, kullum muna yi wa mutane a shago, amma shi ma wanda ya tsorata ka yana da hujja, domin wajen sakawa akwai zaɓin da ke share faifan gaba ɗaya, in ka danna shi shi ke nan lissafin yayarka ya tafi. Don haka kafin komai kwashe fayilolinku zuwa filash ko wani faifai na waje.

Sai ka duba ko BitLocker, wato tsarin Windows da ke kulle faifai, a kunne yake, irin waɗannan laftof ɗin na ofis ne a can waje, wasu da shi suke zuwa. In yana nan ka nemo makullinsa mai lamba 48 ka rubuta a takarda, sannan ka kashe shi, in ba haka ba Ubuntu ba za ta yarda ta zauna kusa da Windows ba. Daga nan ka shiga Disk Management, inda ake raba faifai a Windows, ka matse C, wato ɓangaren da Windows take, ka cire kamar 50GB ka bar shi fili kar ka taɓa. 25GB Ubuntu ke nema a ƙa'ida amma wallahi da ka fara sauke manhajoji za ka ga ya cika. Ka sauke Ubuntu 24.04 LTS, ana kula da ita har 2029, ta kusa 6GB don haka ka bari sai ka samu wayifai ko datar dare, ka zuba ta a filash mai 8GB da manhajar Rufus. A HP F9 ake dannawa da zarar ka kunna don a zaɓi filash. Wajen sakawa ka zaɓi wanda ya ce a saka ta a gefen Windows. Kuma don girman Allah ka tabbatar batir a cike yake, in aka ɗauke wuta ana tsakiyar raba faifai ta mutu, nan ne ake kuka.

Maman_Hanif:
Malam ya gama magana, abu biyu kawai zan ƙara. Ka kashe Fast Startup a Windows, don in yana kunne Windows ba ta mutuwa gaba ɗaya, sai ka shiga Ubuntu ka ga fayilolinka amma ta hana ka ajiye komai a wancan ɓangaren. Na biyu agogo, duk sanda ka dawo Windows za ka tarar ya koma baya da awa ɗaya, ƙarfe takwas ya nuna bakwai, saboda Linux da lokacin UTC, wato agogon GMT, take saita agogon na'ura mu kuma Najeriya muna gaba da awa guda. Mai lakcar safe ya kiyaye. A Ubuntu ka buɗe Terminal, inda ake rubuta umarni, ka rubuta timedatectl set-local-rtc 1, magana ta ƙare.

Abban_Kongo:
Ni dai ban ga dalilin wannan wahalar ba gaskiya. In umarni kawai za ku riƙa rubutawa da ɗan Python, ka sa WSL, wato Linux da ke aiki a cikin Windows ɗin, ba raba faifai ba fargaba, yayarka ma ba za ta san an yi wani abu ba.

Mai_Gyara_PZ:
Abba WSL na da kyau ban musa ba, amma wanda zai koyi Linux da gaske gara ya zauna a cikinta. Kuma ka tuna tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta rufe tallafin Windows 10 na yau da kullum, tsofaffin EliteBook da yawa kuma ba su cika sharaɗin Windows 11 ba, to ai gara yaro ya fara sabawa da wata hanyar tun yanzu.

Ɗan_Samaru:
Na gode sosai, Allah ya saka da alheri. Na duba BitLocker a kashe yake alhamdulillah. Saura tambaya ɗaya, yaya zan yi in an kunna ta shiga Windows kai tsaye? Aunty in ta ga baƙin allo da rubutu za ta ce na lalata mata kwamfuta.

Maman_Hanif:
Wannan allon GRUB ne, inda ake zaɓar wadda za a shiga tsakanin biyun, Ubuntu yake sawa a farko. Ana canzawa a fayil ɗin /etc/default/grub, layin GRUB_DEFAULT, ka gyara sannan ka rubuta sudo update-grub. In ka gama sakawa ka ɗauko hoton allon ka turo nan in faɗa maka lambar da za ka sa.