Kuɗin Athena na neman cinye mu, a taimaka da shawara

Sabon Shiga: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aiki a wani ƙaramin kamfani mai tattara bayanan cinikin masu POS. Wanda ya gina tsarin ya bar aiki, aka ɗora min, ga shi mai kamfanin surukin yayana ne, babu halin in ce ban iya ba. Da Athena, manhajar Amazon ta binciken bayanai, muke fitar da rahoto. Bayanan kan sauka a S3, ma'ajiyar fayil ta Amazon, kowane minti a tsarin fayil na Parquet, teburin kuma an raba shi bisa rana da lambar wakili. Rahoton da a da yake fitowa nan take, yanzu har in yi sallah in dawo bai gama ba. Kuɗin dala kuma sai hawa yake.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Ba sai ka ƙara bayani ba, ƙananan fayil ne matsalarka. Dubban folda, kowace cike da fayil 'yan kilobait, Athena sai ta buɗe kowanne daban. Mayar da teburin zuwa Iceberg, wani tsarin tebur da Athena ke aiki da shi, ka raba bisa rana kaɗai, kullum da dare ka yi OPTIMIZE, umarnin haɗa ƙananan fayil, su haɗu su kai megabait 128 zuwa 512. Shi ke nan.

Hajiyar Lissafi: Haɗa fayil zai kawo sauri, amma Athena dala 5 take caja kan kowane terabait da ta karanta. In masu rahotonka SELECT * (wato a kawo komai) suke bugawa ba sa zaɓar rana, kuɗin na nan. Girman teburin ma nawa ne? Ba ka faɗa ba.

Ɗan Sabon Gari: Hmm. Mu an yi OPTIMIZE aka manta da VACUUM mai goge tsofaffin fayil, tsofaffin fayil suka taru, kuɗin ajiya ya tashi. Ƙarshenta ni aka zaftare wa albashi, oga ko saurarona bai yi ba.

Sabon Shiga: Ranka ya daɗe Injiniya, rabo bisa wakili ba wauta ba ce fa. Kowane wakili nasa lissafin yake nema.

Injiniya: Ƙanena, ka jera bayanan bisa lambar wakili a cikin fayil. Parquet na ajiye ƙaramar lamba da babbar lamba ta kowane sashe, injin zai tsallake wanda bai shafe shi ba. Na sha yin wannan.

Hajiyar Lissafi: Sai dai OPTIMIZE na Athena ba ya jerawa, haɗawa kawai yake. Sai an kawo wani injin sarrafa bayanai kamar Spark, wani kuɗin ke nan.

Sabon Shiga: Spark kuma? Wallahi oga ba zai sa hannu ba. Babu hanyar da za a bar rabon yadda yake?